Abin da Likitan Rutherford Ya Koya Mini

William Carlos Williams sha'iri ne, kuma likitan yara. Sai da na fara aikin jinya na gane yadda sana'o'in nan biyu suka riƙe juna a hannunsa.

An haife shi a 1883 a Rutherford, wani ƙaramin gari a jihar New Jersey ta Amurka. Ya karanta likitanci a Jami'ar Pennsylvania, inda ya ƙulla abota da sha'iri Ezra Pound. Pound ya tattara ya koma Turai, ya yi suna a can. Williams kuwa ya zauna a garinsu wajen shekara 40, yana duba yara, yana karɓar haihuwa a gidajen leburorin masana'antu, da yawansu 'yan ci-rani daga Italiya da Poland. Tsakanin fitar wannan majinyaci da shigowar wancan yake kama baiti, wani lokaci a kan takardar rubuta magani.

Abin da ya fi kama ni shi ne kunnensa. Da harshen mutanen da yake dubawa ya gina waƙoƙinsa, Turancin titin Amurka, kuma yana tsayawa a kan abin da ido ya gani. Shahararriyar waƙarsa ta 1923 kalma 16 ce kacal, a kan jan baro da ruwan sama ya jiƙa da wasu fararen kaji.

A makaranta an koya mana taƙaita ƙorafin uwa: zazzaɓi, gudawa, rashin ci. Amma uwa ba haka take magana ba. Za ta ce, "Malama, tun la'asar ya ƙi nono, idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa." A maganar nan ta ba ni lokacin da abin ya fara, ta kuma nuna mini ruwan jikin yaron ya ƙare, tun ban taɓa shi ba. Yanzu nakan bari ta kai aya, in rubuta kalmominta yadda ta furta su, sannan in sa namu na asibiti a ƙasa. Likitan da ya karɓi katin yakan ga yaron sosai.

Shanyewar ɓarin jiki ta sami Williams a 1951, ya bar wa ɗansa aikin duba marasa lafiya, amma bai ajiye rubutu ba. Ya rasu a watan Maris na 1963, kuma a shekarar aka ba shi kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta a Amurka, bayan rasuwarsa.