Kafin Ka Ba Wani Aikin Tsakar Gidanka

Aikinmu tsakar gida ne da farfajiya: shimfiɗa intalok, zuba daɓen kankare, gina dakali, kafa rumfar shan iska. A nan Kano muke. Yawancin gidajen da ake kiranmu, maigida ya riga ya tare, kuɗi sun ƙare a kan ɗakuna da fenti, an bar tsakar gida da ƙasarta. Sai damina ta sauka, yara sun fara kwaso taɓo har kan kafet, uwargida ta tayar da magana, sannan a shiga neman mai aiki ruwa a jallo. Wannan gaggawar ce ke jefa mutane hannun waɗanda jiya-jiya suka sayi roba goma ta buga intalok suka kafa allo a bakin titi.

Idan na shiga gida ba da awon fili nake farawa ba. Ruwa nake tambaya. Indararo ina yake zuba, rariya tana wane gefe, kwatar layi ta fi gidan tudu ko kuwa gidan ne ya fi ta. Akwai unguwannin da aka ɗaga titi bayan an gina gidaje, har ƙofar gida ta koma ƙasa da hanya. Irin wannan gidan ko da zinariya ka shimfiɗe shi, in ba ka nema wa ruwa mafita ba, watan Agusta zai tona asirin aikin. Muna ba daɓe gangare kamar santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa rariya. Ido ba ya ganinsa, mai tafiya ba ya jinsa a ƙafa, amma ruwa ba ya kwana.

Wajen wani tsohon birkila na koyi wannan, Allah Ya jiƙansa. Ba shi da na'urar awo irin ta injiniyoyi. Siririn tiyo ne fari mai tsawo, ya cika shi da ruwa, ya riƙe baki ɗaya ni in riƙe ɗayan, in tafi can kusurwar gida in tsaya. Inda ruwan ya tsaya a tiyon sai kowa ya ja layi da gawayi a bango, daga nan ake ɗaure igiya. In kumfar iska ta maƙale a cikin tiyon awo ya ɓaci, saboda haka yakan sa in bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe kafin ya yarda. Ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai ya sa an ɗebo bokiti an sheƙa ruwa a tsakiyar aikin a gaban mai gida, kowa ya ga inda ya nufa. Har gobe haka muke yi, ko da yake yanzu muna da na'urar.

Tun kafin shi ma na ga daɓe a gidanmu na ƙauye. Mata ne ke yinsa, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa, a riƙa yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi duhu ta yi sheƙi. Yini ake yi ana bugun wuri guda. Abin da injin kwampakta yake yi mana yau ke nan, kuma shi ne ɓangaren da masu aikin araha suke tsallakewa domin idan an rufe ba mai gani.

Mu sai mun kwashe ƙasar sama mai taushi da saiwoyi tukuna. A zuba burji kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a bi da inji, a ƙara wani a sake bi. Zuba shi gaba ɗaya a daddanna sama kawai yaudara ce, don ƙasan zai zauna bayan ruwa biyu uku, intalok ya lotsa daidai inda tayar mota ke bi. Bayan burji sai garin dutse ko yashi mai kaifi, a baje shi sumul, sannan a jera. Gefe kuma dole a ɗaure da kab, wato dogayen tubalan siminti irin na bakin titi, a kan kankare, in ba haka ba jeren zai riƙa buɗewa daga baki. Inda mutane kawai ke takawa intalok mai kaurin milimita 60 ya wadatar. Inda tankar ruwa ko babbar mota za ta shiga, mai 80 muke sawa, kuma ba na sauka daga kai ko mai gida ya ɓata rai.

Intalok ɗinmu da kanmu muke bugawa. Siminti ko Dangote ne ko BUA, buhu kilo 50 ne, ba ya ƙaruwa don mutum yana son riba. Wanda ya ce zai ba ka a rabin kuɗinmu, to buhun da muke fitar da kashi ɗaya da shi ya fitar da kusan biyu, ya cika da yashi, ya zuba jan kala a fuska ya yi kyau a hoto. Gane shi ba wuya. Ɗauki biyu ka gwara: mai kyau ƙara yake yi tangaran, na banza kuwa dum zai yi, gefensa ya marmashe. Ko ka karta bayansa da ƙusa. Namu a kan tebur mai girgiza ake zubawa don iska ta fita, a bar shi a inuwa ana ba shi ruwa mako guda kafin ya ga rana. Su kuwa yau a buga, jibi yana kan kura.

Yashi ma wani ciwon kai ne. Ka biya kuɗin yashin kogi, tifa ta zo da dare ta juye maka rabin laka. Yanzu kafin direba ya ɗaga bodi sai na ɗebi kaɗan a kwalba, in zuba ruwa in girgiza in ajiye. Yashi ya kwanta ƙasa, laka ta taru a sama, kowa ya gani da idonsa. In ta yi kauri, ya koma da abinsa.

'Yan shekarun nan an fara zuwa mana da hoto a waya: dandamalin katako a bayan ɗaki, irin na gidajen Amurka, da kujeru da tukwanen fure. Ana yi, mun kuma yi, amma nakan zaunar da mutum mu yi magana tukuna. Nan akwai gara, akwai hunturun da ke tsotse katako har ya tsage, ga ranar bazara. Farin katako irin na silin ba zai kai ko'ina ba. Da kaina nake zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa in zaɓi jan katako mai nauyi, madaci ko makamancinsa, wanda ya bushe sosai; ɗanye in ka kafa shi yau, kafin wata biyu ya murɗe. Ƙashin dandamalin da ƙarfe muke yi, a ɗora a kan ginshiƙan kankare yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa a bar 'yar ƙofa kamar milimita 5 don ruwa ya zube. A sha shi da maganin gara ta kowace fuska, har bakin da aka yanka da zarto, kafin a ɗaure. Magabata da suka yi rufi da azarar giginya sun san abin da suke gudu. Duk da haka nakan gaya wa mutum cewa wannan abu yana son mai duk shekara. Wanda ba zai iya ba, gara mu gina masa dakali mu sa tayil mara santsi, mu ɗora rumfa.

Rumfar ma in kwano zalla aka sa ƙasa-ƙasa, ba mai iya zama da azahar. Muna ɗaga ta, mu sa silin ko zana a ƙarƙashi, mu duba inda rana ke faɗuwa. In akwai darbejiya ko mangwaro a gidan ba na son a sare. Zagaye muke bar mata mai faɗi, don in ka matse ta da siminti saiwar za ta ɗaga aikin.

Sai ciniki. Mutum zai sayi ƙofar ƙarfe ta waje da kuɗi masu yawa bai ce uffan ba, amma a kan burji sai ya ce, "Haba Malam, ƙasa ce fa." In ce, "Ranka ya daɗe, ita ce ke ɗauke da motar." Wani ya tafi ya ba mai araha, damina na wucewa ya kira mu gyara. Gyara ya fi sabon aiki wahala, don sai an kwashe komai, rabin intalok ɗin kuma ya farfashe a hannu.

Ko mu za ka ba aiki ko wani, ka nemi ya kai ka gidan da ya yi wanda ya ga damina biyu, ba wanda ya gama makon jiya ba. A rubuta yarjejeniya a takarda: faɗin fili, kaurin intalok, zurfin burji, wa zai kawo ruwa, wa zai kwashe ɓaraguzai. Kafin alƙalami daidai kuɗin kaya ya isa, sauran a biya kashi-kashi. Rodi da bututun rumfa in kana so mu tafi Ƙofar Ruwa tare ka biya da hannunka, ba ya ɓata mana rai.

Masu shirin biki ko Sallah kuma a zo da wuri. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, makon farko kullum ana ba shi ruwa, da hunturu har sai mun lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna don iska ba ta barinsa. In saura kwana goma ɗaurin aure ka kira ni, intalok zan iya shimfiɗa maka daga wanda muke da shi a ajiye, amma daɓen da mota za ta hau sai dai bayan biki.