Yayen Abba: daga fida zuwa kwanon tuwo

Ranar da aka sa dokar hana fita a Kano, farkon watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, abin da ya rage a gwangwanin madarar Abba bai fi na yini guda ba. Na girgiza shi, sai ƙarar ɗan cokalin roba nake ji yana dukan gindin gwangwani. Shaguna a rufe, Baban Abba na tsakar gida da rediyo a kunne, ba halin leƙa ko ƙofar gida. Saura kwana tara yaron ya shekara. Na ce da ma ai an ce in yaro ya shekara zai iya shan madarar manya, kwana tara me zai rage? Na ɗauko madarar garin da muke shan shayi da ita, na dama masa a fida. Ya shanye tas, ya miƙo fidar a ƙara.

Har zuciyata na ɗauka yaye ya ƙare a ranar.

Abba bai samu nono yadda ya kamata ba. Tiyata aka yi mini wajen haihuwarsa, ruwan nono ya yi jinkirin zuwa, da ya zo ɗin ma bai isa ba. Ina cika wata uku na koma makarantar da nake koyarwa, kafin ya kai wata biyar ya ƙi kama mama gaba ɗaya. Na sha magana a gidajen suna, har da masu ce masa ɗan gwangwani, suna dariya wai wasa suke. Ga shi an haife shi ne 'yan watanni bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi warwas. Duk zuwan da babansa zai yi kasuwar Singa sai ya dawo yana girgiza kai, gwangwani mai giram 400 ba ya kai mu mako, kuɗinsa kuma kullum gaba yake yi. Don haka da na ga yaro ya karɓi madarar gari ba gardama, sai na ji kamar an sauke mini dutsen Dala daga kai.

Kuskurena shi ne madarar kawai na canza, tsarin na nan. Fida tana nan, lokutan sha suna nan: da asuba, kafin in fita aiki, biyu a wajen mai raino, ɗaya da magariba, ɗaya ko biyu cikin dare. Kowace fida tana cin kusan rabin ledar fiya wata. Ke lissafa da kanki, yaro ɗan shekara guda yana ɗura wa cikinsa fiye da lita a rana. Abinci kuwa sai dai a taɓa. Tun yana wata shida nake ba shi koko, amma tsararo ne, irin wanda zai iya bi ta bakin fida. In na kawo tuwo ya kau da kai, sai in ce a bar shi, ai ya sha madara. Jikinsa kuma bai nuna komai ba, kumatu ɓul-ɓul, duk wanda ya ɗauke shi sai ya ce tubarkalla.

Akwai abubuwan da na gani ban fahimce su ba. Kashinsa ya yi tauri, sai ya yi ta nishi yana kuka. Ya rage ƙiriniya, ya fi son a goya shi. Sannan ya tsiri lasar bango. Akwai wani gefe a soronmu da siminti ya ɗaye, nan zai je ya kafa baki yana gurzar ƙasa da haƙoransa. Maƙwabciyata ta ce duk yara haka suke, ni ma na bar shi a haka.

A watan Nuwamba na kai shi asibitin unguwarmu allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15. An ɗora shi a sikeli, nauyi lafiya lau. An zagaya masa ɗan tef ɗin nan mai kore da rawaya da ja a damtse, ya faɗa kan kore. Har na fara saɓa zani zan goya shi, wata nas mai ɗan shekaru ta ce, "Maman Abba, miƙo min shi nan." Ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ta ƙasa. Ciki fari fat, ba alamar ja. Ta buɗe tafin hannunsa ta jera da nawa.

"Me yake ci?"

"Sista, madara kam yana sha sosai."

"Ban tambaye ki me yake sha ba."

Na yi shiru, don wallahi da na duba, ban iya tuna ranar da ya ci abin da ya kai cokali biyar ba.

Aka tura mu gwajin jini, aka duba har da zazzaɓin cizon sauro. Babu maleriya, amma jininsa ya yi ƙasa. Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na so a ce na ji shi wata uku kafin nan. Madarar jarirai ta gwangwani, ana zuba mata sinadarin ayon, wanda da shi jiki ke haɗa jini. Madarar shanu kuwa ayon ɗinta kaɗan ne ƙwarai, in ta yi yawa ma tana hana jiki tsotsar wanda ke cikin abinci, ga shi ta cika ciki ta hana yunwa. Ashe duk watannin nan gwangwani ne ke rufa mini asiri, da na janye shi ban maye gurbinsa da komai ba. Lasar bangon ma yana daga alamun ƙarancin. Ya ce yaron da ya wuce shekara, madarar da yake buƙata a yini ba ta wuce cikin ledar fiya wata ɗaya ba, wato rabin lita, a kofi, kuma bayan ya ci abinci. Na tambaye shi ko in koma sayen madarar nan ta 'yan shekara ɗaya zuwa uku da ake talla. Ya ce ba dole ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar a dogara da ita ba, kuɗin gara a kai shi wajen mai ƙwai da mahauci. Ya rubuta maganin ƙarin jini na wata uku da na tsutsar ciki, ya gargaɗe ni kada in haɗa maganin da madara ko shayi, kuma kada in tsorata in na ga kashi ya yi baƙi.

Makon farko a gida yaƙi ne. Na ɓoye fida a saman wadirob, yaro ya yi ta zagaye ɗaki yana nuna inda ya saba ganinta. Da rana da sauƙi. Dare ne tashin hankali. Ƙarfe biyu zai farka ya fara tsala ihu, in miƙa kofi ya buge shi, madara ta wanke katifa. A dare na uku babansa ya tashi zaune ya ce, "Don girman Allah ki ba shi abarsa, maƙwabta za su ce yanka shi muke." Na hau kujera na sauko da ita. Washegari muka koma gidan jiya.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ita ta raba gardamar. Ta zo duba mu daga cikin gari, ta tarar da ni da cokali ina bin yaro daga falo zuwa kicin ina magiya. Ta zauna ta gama kallonmu tsaf, sannan ta ce, "'Yar nan, ina kika taɓa ganin uwa ta yaye ɗanta a ɗakinta? Ana yin hutu ki haɗo min kayan angon nawa." Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa ba ta kiran sunansa.

Na yi ta jan ƙafa. A tunanina kai yaro yaye gidan kaka na masu shan nono ne, waɗanda ake shafa wa mama abu mai ɗaci. Kuma ina tsoron abin da za a ba shi a can. Amma da aka yi hutun Disamba, sanyi ya sauko, na haɗa masa rigunan sanyi da maganinsa da kofinsa, muka hau adaidaita sahu zuwa Yakasai. Fidar na sa ta a ƙasan jaka a ɓoye. Hajiya ta zazzage jakar a gabana, ta ciro ta da yatsu biyu ta miƙo mini. "Wannan ki koma da ita."

Mun ɗan ja da ita a kan abu biyu. Na farko shayi. A gidan, kowane yaro da safe kofin shayi ne da burodi. Na ce likita ya hana, ganyen shayi na tare ayon ɗin abinci. Ta ce ita ba ta taɓa jin shayi ya sha wa mutum jini ba, amma tunda likita ne, za a dama masa kunu. Na biyu nonon da wata Bafulatana ke kawo mata kullum da hantsi. Na roƙe ta in dai ɗanyar madara ce a tafasa ta tukuna, saboda akwai cututtukan shanu, irin tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci, da ke bin madarar da ba ta ga wuta ba. Nan ma sai da ta tuna mini cewa su daga ƙwarya suka sha suka girma. Daga baya na gano tafasawa take yi, ta bar ta ta huce, ta zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, ta rufe ta kwana. Kindirmon Hajiya shi ya warware masa taurin kashin nan. Zuma kuwa ban hana ba, tunda ya riga ya shekara. Kafin shekara ne ba a ba yaro ita.

Kwana biyu ya yi yana kuka da dare, in ji ta, tana goye da shi tana zagaye tsakar gida. Ni kuma a gida na kasa barci, ina ta jin kukansa a kunnena. Ta hana ni zuwa sai bayan kwana biyar.

Ranar da na je, na tsaya a bakin zaure ina leƙe. An shimfiɗa tabarma a inda rana ta faɗo, jikokin gidan su huɗu sun kewaye kwanon silba na tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Abba na tsakiyarsu, ba riga sai wando, miya har gira. Ba wanda ke lallashinsa, ba wanda ma ya kula da shi. Ya cusa hannu ya danƙo tuwo, rabi ya zube a cinya, rabi ya isa baki. Wata 'yar shekara huɗu ta janye kwanon gabanta, ya yi ƙara ya jawo shi da hannu biyu. Yaron da nake bi da cokali ina roƙo, shi ne yake kokawar loma. Hajiya na gefe tana tsinke zogale, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kar ki shigo ya gan ki sai ya gama."

Ya dawo gida bayan kwana goma sha biyu, ni kuma na sauya yadda nake ciyar da shi. Na daina ba shi abinci shi kaɗai. In za mu ci, kwano ɗaya muke sa hannu, sai dai in ɗebi miyarsa kafin in zuba yaji, in kuma rage gishiri da dunƙule. Kunu na daina yin tsararo, sai mai kaurin da in an karkata cokali ba ya zuba. Babansa ya auno gero da waken suya da gyaɗa a kasuwar Dawanau, na soya kowanne daban, na cire wa waken ɓawo, na haɗa gero awo shida, wake uku, gyaɗa ɗaya, aka niƙo a inji. Wannan garin shi ne karin kumallonsa, wani lokaci in fasa ƙwai a ciki yana kan wuta. Hanta sau ɗaya a mako, in dafa ta lugub in murje a faten dankali. Alale, faten wake da manja, awara, kifi da na tsince ƙayarsa da hannuna, garin zogale a miyar kuka. Bayan abinci ɓarin lemo ko gwanda, don suna taimaka wa jiki ya karɓi ayon. Gyaɗa guda-guda ba na ba shi, saboda shaƙewa.

Ba duka ya karɓa ba. Kabewa sai da na kawo ta fiye da sau goma kafin ya daina tofarwa. Ƙwai dafaffe har yau fari yake ci ya miƙo min gwaiduwa.

Wajen madarar ma na koyi karanta jikin leda. Yawancin ƙananan ƙullin da ake sayarwa a shagon unguwa an cire musu man shanun an zuba man itatuwa, shi ya sa suka fi araha. Ina neman mai cikakken maiƙo, ko in karɓi ta Hajiya da aka tafasa. Kofi ɗaya bayan kunun safe, ɗaya bayan tuwon dare, ba sukari. In zafi ya shigo ga rashin wuta, ba na dama wadda za ta jira, abin da zai sha a take kawai.

Ƙarshen Fabrairun 2025 muka koma aka sake gwajin, jini ya hau. Nas ɗin nan ta ja fatar idonsa, ta dube ni ta ce, "Yauwa, yanzu me yake ci?" Na fara jero mata har sai da ta ɗaga hannu ta ce ya isa, akwai layi.

Gwangwanayen madarar da na tara ban zubar ba. Ɗaya na daddawa, ɗaya na kuka, ɗaya na kanwa, da babban nake auna gero. Fidar kuwa ya tsinto ta kwanan baya a ƙasan akwati, ya jujjuya ta, ya cire murfin, ya fita da ita tsakar gida yana ɗura mata yashi.