Fatsa a Inda Kogin Volta Ya Shiga Teku

Ni ɗan Yawuri ne, kuma kakana na wajen uba Basarke ne. Tun ban kai shekara goma ba nake zama a gindin kwalekwale ina kwarfe ruwa da ƙoƙo, babana yana duba mamari. Shi ya sa da ɗan kawuna, wanda ke zaune a Nima cikin birnin Accra, ya ce mini ranar Asabar za mu je teku mu yi fatsa, ban ji ko ɗar ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ya ce biya za mu yi a kai mu. A gidanmu shiga ruwa ake yi a samo kuɗi, ban taɓa jin wanda ya zaro nasa daga aljihu don a ba shi ƙugiya ya wuni a rana ba. Na ce masa, "Yaya, in kifi kake sha'awa, ba ga kasuwa nan ba?" Ya ce in dai shirya kayana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau mota a Tudu, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Accra ɗin ma mutanenmu na zango Ankara suke ce mata. Muka bi titin Aflao, wanda ke zarcewa iyakar Togo, muka wuce Tema, muka wuce Sege. Daga nan sai ƙasa ta buɗe: fili fetal, ciyawa ta bushe, ga kukoki jefi-jefi, ga kankana an jera a bakin titi. Watan Disamba ne, hazon hunturu ya sauko har can, sai na ji kamar a hanyar Kwantagora nake. A Kasseh muka bar babban titi muka karkata kudu. Tafiyar duka ta ɗan haura kilomita 100, amma cunkoson fita gari ya sa sai bayan la'asar sakaliya muka isa Ada Foah.

Garin yana kan wani siririn tudun yashi, kogi a gefe ɗaya, teku a ɗayan. Kafin magariba muka taka bakin teku. An jibge manyan duwatsu layi-layi sun miƙa cikin ruwa don tare yashi, saboda teku ta daɗe tana cin garin. Wani dattijo ya nuna mana wurin da ganuwar Kongenstein take, wadda Turawan Danmak suka gina a 1783. Mafi yawanta yanzu ruwa ya tafi da ita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965, yashin da kogi ke kwasowa daga arewa ya zube a bakin teku ya tsaya a bayan madatsa, teku kuwa ba ta daina ɗiba ba. Na tsaya ina kallon wurin, sai Kainji ta faɗo mini a rai, da tsohuwar Busa da ruwa ya rufe a 1968, da tsibiran Gungawa da kakana ke lissafa sunayensu da yatsu. Su nasu ruwa ya hau kansu ta baya, waɗannan kuwa ta gaba yake cinye su.

Da dare muka je gaida mai jirgin. Dattijo ne ɗan ƙabilar Ada, harshensu Dangme, amma da na yi sallama sai ya amsa da Hausa, irin ta Gana wadda ba ta raba namiji da mace. Ya yi shekaru yana su a Yeji, can saman tafkin Volta, cikin Hausawa da sauran mutanen arewa. Na ce masa, "Baba, ni ma jikan masunta ne." Ya dube ni da kyau, ya ce, "Kogi ka sani. Gobe in na ce zauna, ka zauna. In na ce riƙe, ka riƙe." Na ce na ji. Ya ƙara da cewa mun yi sa'a da muka zo Asabar, don ranar Talata masunta ba sa fita teku a gaɓar nan. Al'ada ce ta kaka da kakanni, ranar gyaran taru ce da hutun ruwa.

Muna idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka gangara bakin kogi. Jirgin na katako ne, bai kai manyan kwalekwalen da ake sassaƙawa daga itacen da suke kira wawa ba, waɗanda ke ɗaukar mutum goma sha da taru. Mu huɗu ne: ni, Yaya, Baba, da wani saurayi jikansa. Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 40 a maƙale a baya. Baba bai tayar da shi ba sai da kowa ya ɗaure rigar ruwa, sai da ya ƙirga galan ɗin mai, ya duba anga da igiyarta, ya sa wayarsa cikin leda ya ƙulle. Na karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", muka tura.

Kogin a nan faɗi gare shi, shiru, cike da ƙananan tsibirai da itatuwan kwakwa. Mun wuce wasu maza da ke nutsewa ƙarƙashin ruwa suna kwaso wani irin kumba mai nama da ake kira adode, wanda mata ke soyawa su tsire a tsinke su sayar a bakin titi. Har zuwa nan ruwan da na sani ne. Ina iya faɗa maka inda yake da zurfi da inda yashi ya taso ta kallon fuskarsa kawai.

Da muka wuce ƙauyen Azizanya sai na fara jin wani ruri kamar na hadari daga nesa. Bakin kogi ke nan. Ruwan Volta yana turowa waje, igiyar teku tana turowa ciki, su yi karo a kan tudun yashin da ke ƙarƙashi, ruwa ya miƙe tsaye ya kife da farin kumfa. Baba ya rage wuta, ya tsayar da jirgin yana fuskantar wurin. Ba wanda ya yi magana. Leɓunansa na motsi, ashe ƙirga yake yi. Manyan igiyoyi sukan zo a jere, sannan a sami ɗan sarari kafin wasu su biyo, kuma wannan sararin yake jira. Mun fi minti goma a nan. Can sai ya ce, "Riƙe!" ya murɗa inji har ƙarshe. Hancin jirgin ya ɗaga sama har na daina ganin komai sai hazo, sannan ya faɗo, katako ya yi ƙara, ruwan gishiri ya watso mini a ido da baki. Sau uku haka. A na huɗu sai na ji mun hau wani ruwa mai numfashi, yana ɗagawa a hankali yana saukewa, ba kumfa, ba ruri. Hannuna ya ƙage a jikin katako, sai da na ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya. A duk shekarun da na yi a kogin Kwara ban taɓa ganin mutum ya karanta ruwa kamar yadda dattijon nan ya karanta shi ba.

A waje akwai layi a fuskar ruwa, ƙarara kamar an ja shi da alli: wannan gefe ruwan kogi ne mai ƙasa-ƙasa, wancan kore mai duhu. A kan layin tarkace ke taruwa, ƙananan kifaye su biyo, manya su biyo su. Nan saurayin ya saki fatsa biyu ta bayan jirgi. Sandar ba irin tamu ta gora ba ce. Tana da kwarkwaron ƙarfe da ke naɗe zare, da wani maɓalli da ake ɗaurewa ko a sassauta, yadda in kifi ya ja da ƙarfi zaren zai warware maimakon ya tsinke. A bakin zaren an ɗaura kifin roba mai ƙugiyoyi, kuma tsakaninsa da zaren akwai waya kamar kamu ɗaya. Na tambayi amfanin wayar. Saurayin ya nuna mini haƙoransa kawai.

Haka muka riƙa jan su a hankali, muna bin layin. Awa guda ba komai. Sai cikina ya fara juyawa, kaina ya yi nauyi, kokon da na sha ya dawo. Baba bai ce uffan ba, ya miƙo mini gutsuren citta, ya ce in daina kallon cikin jirgi, in kafa idona a kan itatuwan kwakwa na gaɓa. A hankali abin ya lafa.

Ina cikin wannan hali kwarkwaron hagu ya yi kuka. Yaya ya ce, "Taka ce, ɗauka!" Na ɗauki sandar, na ji wani abu a can ƙarƙashi yana gudu da ni. Giwan ruwa in ya ci ƙugiya nauyi yake yi, ya nemi gindin dutse. Wannan kuwa gudu ne zalla, ya yi gabas, ya juyo ya nufo jirgi har zare ya saki na zaci ya kuɓuce, sannan ya tuma sama gaba ɗayansa, dogo, fari fat kamar takobi, yana girgiza kai. Baba yana bayana yana cewa, "Ɗaga sanda. Sauke, naɗe. Kar ka ba shi sako." Na ɗaga, na sauke, na naɗe, har kafaɗata ta ɗauki zafi. Da ya iso gefen jirgi saurayin ya sa ƙugiyar hannu ya ɗago shi, ya buga masa kulki a ka kafin ya bari kowa ya matso. Barakuda ne, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna. Ƙasan bakinsa ya fi saman tsawo, haƙoran kamar na kare, kuma wayar nan duk ta lanƙwashe. A wannan lokacin na gane abin da Yaya ke biya. Jikina na rawa, bakina na hamdala, kuma ban tuna da farashin kifi ba ko sau ɗaya.

Da rana ta ɗaga muka matsa wani wuri. Baba ba shi da na'urar nuna hanya. Ya daidaita wata doguwar kwakwa da ƙarfen sadarwa na cikin gari, ya waiwaya ya daidaita wasu alamu biyu, ya ce a saki anga, akwai duwatsu a ƙasa. Muka sa darma a zare, muka soka yankan ƙananan kifi a ƙugiya, muka saki har ƙasa. Irin wannan fatsar ta haƙuri ce, zare a kan yatsa, kana jiran ɗan taɓi. Mun sami jajayen kifi uku masu kyau da wani mai gurnani da suke kira kifin rogo. Duk wanda bai kai tafin hannu ba Baba da kansa yake cire masa ƙugiya a hankali ya mayar.

A nan ne, da inji a kashe, muka yi hira. Na tambaye shi me ya sa ya bar taru ya koma ɗaukar baƙi. Ya ce ba shi ya bar taru ba. Da yana saurayi, in ruwa ya yi sanyi daga Yuli zuwa Satumba, ƙananan kifayen nan na sadin sukan taso har jirgi ya kasa ɗauka, mata su kwana suna banda. Yanzu sai a ƙona mai a dawo da kwano biyu. Ya lissafa mini abin da ya gani da idonsa: jirage sun yi yawa, wasu na kunna fitila cikin dare su tara kifi har da 'ya'yansa, ga manyan jiragen da ke share ƙasan teku, su daskarar da ƙananan kifi su sayar wa kwalekwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku wata guda ga masu kwalekwale, daga 2021 zuwa 2024 aka riƙa yin hakan a watan Yuli. Baba bai ƙi wannan ba, amma ya ce wata ɗaya ba ya gyara ɓarnar shekara talatin. "Ku in kun zo," in ji shi, "kifi biyar ya ishe ku murna. Ni kuma na sayi mai, na biya wa yaron nan makaranta."

Na daɗe ina juya maganar. Na zo da tunanin cewa fatsar nishaɗi wasan masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, don a bakin kogin mun wuce gidajen hutu da fararen jirage masu inji biyu da ke fita nesa neman manyan kifi. Amma a jirgin da nake ciki, kuɗinmu ne ya sa mutumin da ya san bakin Volta kamar tafin hannunsa bai tafi Tema neman aikin gadi ba. A ganina duk wanda zai je irin wannan fita, ya nemi masuncin garin, kuma kada ya tsaya ja-in-ja da shi a kan farashi.

Wajen azahar Baba ya dubi ruwa ya ce a naɗe. Teku ta fara cikowa, kuma da cikowa ake shiga bakin kogi, don in ruwa na janyewa karon ya fi muni. Komawar ta fi fitar ban tsoro a wurina, saboda igiyar ta bayanka take zuwa, ba ka ganinta sai dai ka ji ta ɗaga ka. Ya bi bayan wata babba, bai wuce ta ba, bai bari ta baya ta cim mana ba, har muka zame cikin ruwa mai sanyi. Na yi alwala da ruwan kogi a kan yashi, ƙasa tana ta lilo a ƙarƙashina har na sallame.

Jajayen kifin aka gasa mana, muka ci da dokunu da yaji. Da dare na kira babana na ba shi labari tun daga bakin kogi har tumawar barakuda. Bai tambayi girman kifin ba. Ya sa na maimaita masa yadda dattijon ya ƙirga igiyar ruwa, sau biyu. Sannan ya ce, "Babban kifin, wa ya ɗauka?" Na ce ai mun biya kuɗin jirgi, yana nan cikin ƙanƙara za mu kai wa Inna a Nima. Ya ce, "Kuɗi daban, kason jirgi daban."

Da sassafe, kafin mu nemi mota, na ɗauki barakudan a buhu na nufi gidan Baba. Na tarar ya riga ya fita da wasu baƙi, sai na miƙa wa matarsa, ta karɓa da hannu biyu. Wayar da kifin ya lanƙwasa ita na roƙi saurayin tun a jirgi, ita na kawo wa babana Yawuri.