Krakoa ta kai hari tun ba a taɓa ta ba, kuma abin ya tsaya min a rai

Kwanan nan na sake komawa kan komik ɗin House of X na Marvel, wanda ya fito a 2019, inda su Xavier da Magneto suka kafa wa jinsinsu na masu baiwa ƙasa a tsibirin Krakoa. Ƙasar ko gama tsayuwa da ƙafarta ba ta yi ba, ana ta neman duniya ta amince da ita ana raba magunguna, sai ga shi an tura Cyclops da mutum bakwai can kusa da rana su tarwatsa Mother Mold, wata ƙatuwar na'ura da ƙungiyar Orchis, ta mutane masu adawa da masu baiwa, ke haɗawa a tasharta ta sararin samaniya don ta riƙa ƙera makaman farautar masu baiwa.

Farkon karatuna wallahi ina bayansu ɗari bisa ɗari. Mutanen da aka kashe musu miliyan 16 a Genosha, tsohuwar ƙasar masu baiwa, ai ba za ka ce su naɗe hannu su jira a gama ƙera abin da zai shafe su ba, wanda maciji ya sara in ya ga igiya gudu yake yi. Har yanzu wurin da Nightcrawler ya ɗauki Wolverine suka fita waje don sare maƙalin ƙarshe da ke riƙe da Mother Mold a jikin tashar, sun san ba dawowa, yana sa ni ajiye littafin in yi shiru.

Amma fa sun dawo, kuma nan ne damuwata take. Duk su takwas ɗin an tashe su daga cikin ƙwai, jama'a na ta sowa, su kuwa ma'aikatan Orchis da suka mutu a tashar sun tafi kenan, babu mai dawo da su. Ni a ganina abin da ke sa shugaba ya yi dogon tunani kafin ya ce a je yaƙi shi ne gawarwakin da za a kawo masa gida da idon iyayen da zai kalla, to in sojanka ba ya mutuwa me zai taka maka birki? Ga doka sun kafa da bakinsu cewa kada a kashe ɗan Adam, har suka jefa Sabretooth rami a kanta, amma da aka ba X-Force, rundunar leƙen asirin Krakoa, lasisin aiki a ɓoye sai jagoranta Beast ya je ya mallake hankalin mutanen ƙasar Terra Verde gaba ɗaya, wai tsaron ƙasa. Wannan kam ban iya samo masa uzuri ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Erasmus Mendel, shugaban tsaron tashar Orchis. Shi ne ya tayar da bam da kansa don ya tare su Cyclops, matarsa Alia Gregor, masaniyar kimiyya a Orchis, na ji. Baƙin cikin nan ne ya sa ta dage sai ta dawo da mijinta a jikin na'ura, kuma na'urar ita ce Nimrod, ainihin abin da aka kai harin don kada a haife shi.