Asabar a Garwa: wayar Kawu da labulen Hajiya

Yau ban buɗe shago ba. Tun jiya Kawu ya aiko in zo Yelwa in ji abin da ya sawo a Duwala, shi kuwa aiken Kawu ba a ce masa sai gobe. Na isa da hantsi, rana har ta fara dukan ƙeya, irin zafin Afrilun nan da ko bakin Binuwai ka je ba ka tsira ba.

Ashe waya ce. Wayar lasifika, mita uku-uku guda biyu, kauri kamar igiyar ɗaure sa, bakinta ruwan zinariya. Jaka 45 na sefa! Na haɗiye magana, don a shagona jaka 3 ta ishe ka wayar tagulla mai kyau. Ya saka faifan goge, ya lumshe ido, ya ce, "Ka ji? Da kamar mai gogen yana cikin tulu, yanzu ga shi nan a gabanka." Abin haushin, ni ma sai na ji sautin ya washe. Ni da na tsufa a gyaran rediyo da amfilifaya, na san wayar mita uku in dai tana da kauri ba ta da abin da za ta rage wa sauti.

Na ce, "Kawu, in ba za ku ji haushi ba, mu gwada ba tare da ido ya sa baki ba." Ya ce, "Kunnena ya girmi ubanka, yaro. Gwada."

Muka aro labulen ɗakin Hajiya muka tare bayan kayan. Autan gidan ya shige ciki da tsabar dala ashirin da littafin makaranta. Tsarin shi ne wanda ake kira ABX, wanda wani injiniya a Amurka, David Clark, ya bayyana na'urarsa a 1982: a jiyar da kai ta farko, a jiyar da kai ta biyu, sannan a saka ɗaya a ɓoye ka faɗi wacece. Yaron zai jefa kuɗin, fuskar da ta fito ita za ta zaɓi waya, ya rubuta. Na hana shi magana ko leƙowa, don dariyarsa kaɗai ta isa ta tona asiri. Zagaye 16. Mai canka kawai zai samu wajen 8, amma a ce ya kai 12 da sa'a zalla, wannan bai kai sau 4 cikin 100 ba. Saboda haka muka tsayar da 12 tun kafin a fara, kada wani ya zo daga baya da "ai na kusa".

Kawu ya samu 9. Ni 7.

Na fara murmushin nasara, sai ya juyo kaina. "To kai da kullum kake cika baki wai tsohuwar amfilifayarka ta fi tawa?" Ba yadda na iya, aka tura yaro a mashin ya ɗauko ta. Bayan azahar aka fara, na canka takwas a jere ba kuskure, har ina kaɗa ƙafa. Autan ne ya leƙo ya ce, "Yaya, taka fa ta fi ƙara." Kunya ta kama ni, don abin da ya kamata in fara dubawa ke nan. Na saka sauti guda mai tsayawa cak daga wayata ta hannu, na ɗora mitar awon wuta a bakin lasifika: tasa bolt 2, tawa 2.25. Wajen desibel ɗaya ke nan, a ma'aunin ƙarfin sauti. Tazara irin wannan kunne ba ya ce mata ƙara, cewa yake wannan ta fi cika, ta fi garau. Da na daidaita su aka sake, na samu 8 cikin 16. Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame.

A wajen shayi ya kawo tasa hujjar, kuma ban raina ta ba. Ya ce sauya waya na cin minti guda, kafin a gama sautin farko ya gudu daga kai. Haka ne, ƙananan bambance-bambancen sauti daƙiƙoƙi kaɗan kunne ke riƙe su, shi ya sa masu yin abin da gaske suke da makunnin da ke sauyawa nan take. Ya ce ga fanka na kuka, ga janaretan maƙwabci, ga shi an zaunar da mutum kamar ɗan jarrabawa. Duk na yarda. Gwajinmu bai nuna babu bambanci a duniya ba, abin da ya nuna shi ne mu biyu, a falon nan, ba mu ji ba. Sai dai na tuna masa maganarsa ta safe. Mai goge a tulu da mai goge a gabanka ba abin da fanka za ta ɓoye ba ne. Bambancin da sai an kashe komai an riƙe numfashi kafin a kama shi, ba shi aka biya wa jaka 45 ba.

Na ba shi labarin Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman, waɗanda a 1994 suka jiyar da mutane wasu lasifikoki sau biyu, a bayan labule da kuma a fili. Da aka ga girma da ƙyalli da suna, makin ya sauya, har a wajen gogaggun masu saurare. Ya ce, "To ashe ba ni kaɗai ba ne." Lasifika ita kam bambancinta na gaske ne, ko a bayan labule ana ji, nan ne nake ganin kuɗinsa ya kamata su tafi.

Wayar dai ya mayar da ita wurinta, wai ko ba komai tana yi masa kyau a ido, kuma kuɗinsa ne. Ya ce Asabar mai zuwa in zo da lasifikokin shagona a kara da nasa. Hajiya ta aiko a maido mata labulenta kafin magariba, autan kuma ya riƙe dala ashirin ɗin, wai ladan aiki.