Ni da muryoyin nan

Yau na dawo daga ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, shi ne na ce bari in ɗan taɓa maganar ciwon nan nawa, sikizofireniya, ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa ni jin muryoyin da babu mai yin su. Muryoyin ba su tafi gaba ɗaya ba amma wlh sun yi sauƙi sosai tunda na riƙe magani. Sun fi takura min bayan isha'i in gida ya yi tsit, ko ranar da ban samu barci ba, sai ka ji kamar mutum biyu a bayan taga suna gulmarka. Da tashi nake in leƙa, yanzu kam sai in kunna karatun Alƙur'ani a waya ko in fito tsakar gida in taya Umma tsince wake muna hira har su lafa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jiki. Maganin da nake sha, Olanzapine, yana buɗe ciki ba kaɗan ba, ga barci, ƙiba ta zo har kaftanina suka daina shiga, kuma yana iya tada suga da kitsen jini shi ya sa ake auna min su akai-akai. Na rage lemon kwalba da cin dare, bayan asuba kuma ni da ƙanina mukan zagaya Murtala Square da ƙafa kafin rana ta ɗaga.

Masu cewa in ajiye magani in koma ruƙiyya zalla, don Allah ku yi haƙuri, ina addu'ata ina shan maganina. Wata mai kamawa za a sake duba sugan, ku sa ni a addu'a.