Yadda za ka bi gasar ces ta Tata Steel daga Maraɗi

Kowace Janairu ana buga gasar ces (darar Turawa) ta Tata Steel a Wijk aan Zee, ƙasar Holan: gwanaye 14, zagaye 13, kowa sai ya kara da kowa. Nasara maki 1, kunnen doki rabin maki. Lokacin hunturu agogonsu da na Nijar ɗaya ne, galibi ƙarfe 2 na rana ake farawa.

Bar bidiyo, yana cinye data. Buɗe allon Lichess kawai, shafin intanet na wasan ces, ko rezo ya yi rauni motsin zai iso.

Inda sabon mai kallo ke ruɗewa shi ne ma'aunin kwamfuta da ke gefen allo. In ka ga +1, fari ya yi gaba da kamar ƙaramin soja ɗaya, amma wasa bai ƙare ba. Ni shawarata, rufe ma'aunin, ka fara zaɓar naka motsin tukuna. Sannan sa ido kan agogo daga motsi na 30 zuwa na 40, wajen magariba ke nan. A nan lokaci ke ƙurewa, don sai an kai motsi na 40 ake ƙara wa ɗan wasa lokaci, hannu ya riga tunani, aikin awa huɗu ya rushe da motsi ɗaya.

A 2025 'yan wasan Indiya Praggnanandhaa da Gukesh sun yi daidai a maki a saman tebur, sai wasan gaggawa ya raba gardama, Praggnanandhaa ya ɗauki kambi.